Edmund Ruffin (1794–1865): Manomi, Ɗan Majalisar Jiha, Kuma Mai Kare Bauta a Bajiniya

1.0 Gabatarwa

Galibin abin da ɗalibai suke karantawa game da tarihin Amurka na ƙarni na 19 ya ta'allaƙa ne ga shugabannin ƙasa da sarakunan yaƙi, alhali kuwa a wancan zamani mafi yawan dokokin da suka shafi rayuwar talaka a majalisun jihohi ake yin su. Majalisar jiha ita ce take tsara dokar mallakar gona da ta gādo, ita take ba da izinin kafa banki da haƙa hanyar ruwa, ita take faɗin wanda ya isa jefa ƙuri'a, ita ce kuma take yanke matsayin bawa da na ɗa. Har zuwa shekarar 1913 majalisun jihohi ne suke zaɓen 'yan majalisar dattijai ta tarayya. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a waɗannan majalisu manoma ne, suna zuwa babban birnin jiha lokacin hunturu bayan an kawar da amfanin gona, in bazara ta gabato kowa ya koma gonarsa.

Wannan maƙala za ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, watau Edmund Ruffin na jihar Bajiniya. An zaɓe shi ne domin ya bar rubuce-rubuce masu yawa, kuma domin sunansa ya fito a fagage biyu da ake ganin kamar ba su da dangantaka. Masana ilimin ƙasar noma suna yi masa laƙabi da uban wannan fanni a Amurka. Masana tarihin siyasa kuwa sun san shi a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa zafi wajen kare bauta da neman ɓallewar jihohin Kudu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gyaran ƙasa da kare bauta manufa ɗaya ce a wurinsa, kuma ɗan gajeren zamansa a majalisa yana taimakawa wajen fahimtar yadda ya tashi daga na farko ya ƙare a na biyu.

2.0 Bajiniya Kafin Ruffin

Turawan Ingila sun kafa garin Jamestown a bakin kogin James a shekarar 1607. Tun daga 1612, lokacin da John Rolfe ya soma gwada noman taba, arzikin yankin ya rataya ga wannan ganye. A 1619 aka sauke 'yan Afirka na farko a gaɓar Bajiniya, kafin ƙarshen ƙarnin kuma ƙwadagon bayi ya zama ginshiƙin noman taba.

Taba shuka ce mai cin ƙasa. Tun da yake daji yana da yawa, hannun aiki kuwa yana da tsada, sai manoma suka ɗauki al'adar sare daji, su noma taba shekara uku ko huɗu, su bi ta da masara har ƙasa ta gaza, sa'an nan su bar ta saura su sari wani dajin. Bayan shekara ɗari biyu ana haka, sai dajin da za a sara ya yi ƙaranci a gabashin jihar, saurukan da aka bari kuwa ba su farfaɗo ba. Ruwan sama ya yi ta zaizaye su, itatuwan fayin da haki marar amfani suka rufe su.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙaura. Bayan da Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793, sababbin ƙasashen Alabama da Misisifi suka riƙa jan mutane, waɗansu kuma suka nufi Kentucky da Ohio. A ƙidayar 1790 Bajiniya ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, amma a ta 1860 ta koma ta biyar. Kujerunta a majalisar wakilai ta tarayya sun sauko daga 23 bayan ƙidayar 1810 zuwa 13 bayan ta 1850. Manyan gidaje ma ba su tsira ba. Thomas Jefferson ya rasu a 1826 bashi ya yi masa katutu, a watan Janairu na 1827 aka yi gwanjon bayinsa kimanin 130 a Monticello. Wannan ita ce Bajiniyar da Ruffin ya buɗe ido ya gani.

3.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Edmund Ruffin ranar 5 ga Janairu, 1794, a gandun Evergreen da ke gundumar Prince George, kudu da kogin James. Gidansu tsohon gida ne na masu ƙasa da bayi. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, ya tashi yaro marar ƙoshin lafiya, mai yawan kaɗaici da karatu. A 1810 ya shiga kwalejin William and Mary da ke Williamsburg, amma bai mai da hankali ga darussa ba, ya bar ta ba tare da ya kammala ba. A wannan shekara ta 1810 mahaifinsa ya rasu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Ingila a 1812, ya yi 'yan watanni a rundunar jiha a matsayin ƙaramin soja.

A 1813 ya auri Susan Travis, 'yar Williamsburg, wadda ta haifa masa 'ya'ya 11. A wannan shekara kuma ya karɓi ragamar gandun Coggin's Point, wanda ya gāda daga kakansa, fili mai faɗin fiye da eka 1,000 a bakin kogin James, tare da bayin da ke aiki a cikinsa. Yana da shekara 19, bai taɓa riƙe garma ba, ƙasar da ya gāda kuwa ta riga ta gaji.

4.0 Gano Tsamin Ƙasa

Littafin da manoman Bajiniya masu neman gyara suka fi dogara da shi a lokacin shi ne Arator na John Taylor, wanda aka buga a 1813. Shawarar Taylor ita ce a killace gona kada dabbobi su ci haki, a riƙa juya shuka, a kuma binne ciyawa da kara da kashin dabbobi domin su zama taki. Ruffin ya bi wannan shawara shekaru da dama, amma amfanin da ya gani kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa. Takin da aka zuba bana, baɗi ko baɗin baɗaɗa sai a neme shi a rasa, gona ta koma yadda take. Har ya kai ga tunanin sayar da gandun ya bi sahun masu ƙaura.

Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da Ruffin ya yi wa kansa ita ce, me ya sa wannan ƙasa ba ta riƙe taki? Ya lura da abu biyu. Na farko, duk inda gona ta fi lalacewa, itacen fayin da wani haki mai ɗan tsami a baki su ne suke bunƙasa. Na biyu, 'yan wuraren da ƙwanson kawa ya gauraye da ƙasa sun fi ko'ina albarka, kuma wancan haki ba ya fitowa a cikinsu. Ana cikin haka sai ya sami littafin Humphry Davy, masanin sinadarai na Ingila, a kan sinadaran noma, wanda shi ma ya fito a 1813. A ciki Davy ya ambaci cewa ƙasar da tsami ya hana ta haihuwa ana iya gyara ta da farar ƙasa.

Ruffin ya gwada ƙasarsa bisa hanyar da Davy ya bayyana, bai sami irin tsamin ma'adinai da Davy yake nufi ba. Abin da ya samu shi ne, ƙasar ba ta da sinadarin alli ko kaɗan. Daga nan ya yanke cewa lalle akwai wani tsami dabam, wanda yake tsammanin daga ruɓewar tsirrai yake fitowa, kuma shi ne yake hana taki aiki. In haka ne, to, zuba taki a irin wannan ƙasa kamar zuba ruwa ne a rariya, sai an fara kashe tsamin tukuna.

Maganin kuwa yana ƙarƙashin ƙafarsa. A zamanin da ya shuɗe da miliyoyin shekaru teku ta taɓa rufe gabashin Bajiniya, ta bar shimfiɗar ƙwanson halittun ruwa da ya rududduge ya haɗu da yumɓu da yashi. Wannan ita ce ake kira marl da Ingilishi, a nan kuwa za a kira ta ƙasar ƙwanso. Tana ɓullowa a gefen kwazazzabai da gaɓar koguna. A watan Fabrairu na 1818 Ruffin ya sa bayinsa suka haƙo ta suka baza a wani yanki na sabuwar gona, aka bar yanki na kusa da shi ba a zuba ba, aka shuka masara a duka biyun. Da kaka ta yi, yankin da aka zuba wa ƙasar ƙwanso ya fi ɗayan da kimanin kashi 40 cikin 100.

A watan Oktoba na 1818 ya karanta sakamakon a gaban ƙungiyar manoman gundumar Prince George. A 1821 mujallar American Farmer ta buga shi a faɗaɗe, a 1832 kuma ya fito a matsayin littafi mai suna An Essay on Calcareous Manures, watau nazari a kan takin da ke ɗauke da alli. An buga littafin sau 5, bugu na ƙarshe a 1852, kowane bugu kuma yana ƙara kauri saboda sababbin gwaje-gwaje.

Muhimmancin wannan aiki yana ga hanyar da aka bi. Ruffin yana auna abin da ya zuba da abin da ya girba, yana barin yanki don kwatanci, yana rubuta gwajin da ya ci nasara da wanda ya faɗi. Alal misali, ya bayyana cewa in aka cika wa matacciyar gona ƙasar ƙwanso ba tare da taki ba, shuka takan ƙone, domin ƙasar ƙwanso ba abincin shuka ba ce, share wa taki hanya take yi. Ya yi duk wannan kusan shekara 90 kafin Sørensen ya fito da ma'aunin tsami na pH a 1909. Ilimin yau ya nuna cewa bayanin da ya bayar a kan asalin tsamin bai cika ba, domin yawan ruwan sama da ke wanke alli daga ƙasa, da gubar alminiyom da ke narkewa a ƙasa mai tsami ta hana saiwa miƙewa, su ne manyan dalilai. Amma ganewar cutar da maganin da ya bayar duka daidai ne, har yau kuwa da dutsen farar ƙasa da aka niƙa ake gyara irin wannan ƙasa.

5.0 Zamansa a Majalisa

A 1823, yana da shekara 29, aka zaɓi Ruffin ɗan majalisar dattijai ta jihar Bajiniya. Kafin a auna abin da ya yi a can, ya kamata a san irin majalisar da ya shiga. Bisa tsarin mulkin jihar na 1776, majalisa kashi biyu ce. Majalisar wakilai tana da mutum biyu daga kowace gunduma, ko gundumar babba ce ko ƙarama. Majalisar dattijai kuwa tana da kujeru 24, kowane ɗan majalisa yana yin shekara huɗu. Farar fata namiji mai mallakar ƙasa shi kaɗai yake jefa ƙuri'a. Gwamna ma 'yan majalisa ne suke zaɓensa. Wannan tsari ya fifita tsofaffin gundumomin gabas masu yawan bayi a kan na yammacin duwatsu, inda ƙananan manoma farar fata suke ta ƙaruwa.

Har ila yau, tsarin ya ɗaure hannun majalisar dattijai. Ba ta da ikon ƙirƙiro doka. Kowane ƙuduri daga majalisar wakilai yake tasowa, dattijai sai dai su amince, ko su ƙi, ko su yi gyara, ƙudurin kuɗi kuwa ko gyaran ma ba su da iko. Mutumin da ya zo da shirin gyaran noma a kansa, ya tarar ba shi da damar gabatar da ko ƙuduri ɗaya, dole ne ya nemi abokai a ɗaya zauren, ya yi lallashi, ya goyi bayan bukatar wani domin a goyi bayan tasa.

Wannan kuwa shi ne abin da Ruffin bai iya ba. Ba gwanin magana ba ne a gaban taro, ba ya jure suka, kuma yana ɗaukar sassauci a matsayin sayar da gaskiya. Bayan 'yan shekaru kaɗan ya bar majalisar yana mai ƙosawa da siyasa da 'yan siyasa, bai kuma sake riƙe kujerar zaɓe ba har ƙarshen ransa. Ba a san shi da wata doka da ta ɗauki sunansa ba.

Duk da haka zaman ya yi tasiri a kansa ta fuska biyu. Na farko, ya fahimci cewa gyaran noma ba ya yiwuwa sai da doka, don haka ya ci gaba da matsa wa majalisa daga waje ta hanyar rubuce-rubuce da takardun koke. Ya yi yaƙi da tsohuwar dokar shinge, wadda ta ɗora wa mai gona nauyin killace shukarsa, ta bar mai dabbobi ya sake su su yi kiwo ko'ina, yana mai nuna irin itace da ƙwadagon da ake ɓatawa wajen yin shinge. Ya nemi a rage madatsun ruwa na injinan niƙa, domin yana ganin kwantaccen ruwa yana da hannu a zazzaɓin da ke addabar yankin, ko da yake a lokacin ba a san sauro ne yake yaɗa shi ba. Ya kuma nemi a kafa hukumar noma ta jiha. An kafa ta a 1841, shi ma yana cikinta, amma ba a ba ta kuɗin kirki ba, ba ta kuma daɗe ba. Na biyu, ya fito da raini ga tsarin da ake bin ra'ayin masu rinjaye, wannan raini kuwa ya yi ta girma a zuciyarsa har ya zama aƙida.

6.0 Mujalla da Gonar Marlbourne

A watan Yuni na 1833 Ruffin ya kafa mujallar wata-wata mai suna Farmers' Register, ya riƙe ta har ƙarshen 1842, kundi 10 ke nan. Shi ne edita, shi ne kuma ya rubuta kaso mai yawa na abin da ke cikinta. Mujallar ta tattara wasiƙun manoma, da rahotannin gwaji, da fassarar rubuce-rubucen Turai a kan magudanar ruwa da juya shuka da kiwo, har ta zama ɗaya daga cikin mujallun noma mafi daraja a Amurka. Bayan rikicin kuɗi na 1837, lokacin da bankuna suka daina musanya takardunsu da zinariya da azurfa, sai ya mai da shafukanta fagen sukar bankuna. Masu biyan kuɗin mujallar da yawa suka janye, ya rufe ta yana mai jin cewa mutanen jiharsa sun yi masa butulci.

A 1843 gwamnan Karolina ta Kudu, James Henry Hammond, ya gayyace shi ya binciki ƙasar noman jihar. Ya zagaya yana neman ƙasar ƙwanso, ya rubuta rahoto, ya kuma ƙulla abota da manyan masu gandaye na wannan jiha, waɗanda suka fi na Bajiniya tsanani a kan batun bauta. Da ya komo ya sayi wata gajiyayyiyar gona a bakin kogin Pamunkey, a gundumar Hanover, ya sa mata suna Marlbourne don tunawa da ƙasar ƙwanso. A nan ya haɗa dabarunsa duka: zuba ƙasar ƙwanso, haƙa magudanai don tsotse ruwan fadama, da juya alkama da masara da shuke-shuken da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Cikin 'yan shekaru gonar ta zama abin zuwa kallo. A 1852 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar manoma ta jihar Bajiniya.

Daga cikin shuke-shuken da ya fi yabawa akwai wake, wanda yakan shuka ya binne shi ɗanye kafin alkama. Wannan wake shi ne dai wanda ake nomawa a ƙasar Hausa. Asalinsa daga Afirka yake, ya kuma ƙetara teku ne a zamanin cinikin bayi, har yau kuwa Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noma shi. Saiwarsa tana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, abin da ba a tabbatar a kimiyyance ba sai a shekarun 1880. Manomin da ke shuka wake tsakanin gero da dawa ya daɗe yana cin wannan moriya.

7.0 Gyaran Ƙasa da Bauta

Kowane kwando na ƙasar ƙwanso da aka zuba a Coggin's Point da Marlbourne, bawa ne ya haƙo shi. Aikin mai nauyi ne: a kware ƙasar sama, a shiga rami mai ruwa lokacin sanyi, a loda amalanke, a ja zuwa gona, a baza. Sunan Ruffin ne ya shiga littattafai, waɗanda suka yi haƙar kuwa ba a san su ba sai a jerin dukiya.

Dangantakar ta wuce batun ƙwadago. An hana shigo da bayi daga Afirka tun 1808, don haka gonakin audugar Kudu mai nisa suka dogara ga sayen bayi daga tsofaffin jihohi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwashe ta wannan hanya tsakanin 1790 da 1860, birnin Richmond kuwa yana cikin manyan kasuwanninsu. Ruffin ya ga cewa muddin gonakin Bajiniya suna mutuwa, iyayengiji za su ci gaba da ƙaura ko sayar da bayinsu, har wata rana jihar ta wayi gari masu bayi sun zama 'yan tsiraru, a soke bauta da ƙuri'a. Farfaɗo da ƙasa ita ce hanyar tsayar da bawa da ubangijinsa a inda suke.

A ƙuruciyarsa yana cikin masu ganin bauta cuta ce da aka gāda. Abin da ya sauya tunanin tsararsa shi ne tawayen Nat Turner a gundumar Southampton a watan Agusta na 1831, da muhawarar da majalisar jiha ta yi a Janairun 1832 a kan 'yanta bayi sannu a hankali, wadda masu neman 'yantawa suka sha kaye a cikinta. A wannan shekara Thomas R. Dew, malami a kwalejin William and Mary, ya buga sharhin da ya kare bauta ta fuskar tattalin arziki, Ruffin kuma ya karɓi hujjojinsa.

A nan ne masana suka rabu. Avery Craven, wanda ya buga nazarinsa a kan gajiyar ƙasa a 1926 da tarihin Ruffin a 1932, yana ganin gyaran ya farfaɗo da noman gabashin Bajiniya kafin yaƙi. William Mathew kuwa, a littafinsa na 1988, ya nuna cewa manoman da suka rungumi ƙasar ƙwanso kaɗan ne, saboda wahalar sufuri da ƙarancin jari, da kuma yadda tsarin bauta kansa ya sa dukiya ta taru a jikin bayi maimakon hanyoyi da kayan aiki. Daga shekarun 1840 kuma takin kashin tsuntsayen teku da ake kawowa daga Peru ya ja hankalin manoma, domin ya fi sauƙin ɗauka kuma amfaninsa yana fitowa nan da nan. In aka bi ra'ayin Mathew, tsarin da Ruffin yake son ceta shi ne ya hana maganinsa yaɗuwa.

8.0 Ɓallewa, Yaƙi da Ƙarshensa

Wajen tsakiyar shekarun 1850 Ruffin ya miƙa gonakinsa ga 'ya'yansa, ya ba da sauran ƙarfinsa ga neman ɓallewar Kudu. A 1858 shi da William Lowndes Yancey na Alabama suka yi yunƙurin kafa ƙungiyar haɗa kan 'yan Kudu. Ya rubuta ƙasidun kare bauta da na sukar shirin mai da 'yantattun bayi Laberiya. Da John Brown ya kai hari Harpers Ferry a watan Oktoba na 1859 da nufin tayar da bayi, Ruffin ya ari kayan ɗaliban makarantar soja ta Bajiniya, ya shiga sahunsu yana tsoho mai furfura, domin ya ga yadda aka rataye Brown ranar 2 ga Disamba. Ya kuma samo waɗansu daga cikin māsun da Brown ya tanada, ya aika wa gwamnonin jihohi masu bayi don su zama gargaɗi.

Bayan zaɓen Abraham Lincoln, yana Karolina ta Kudu lokacin da ta ɓalle ranar 20 ga Disamba, 1860. Da asubar 12 ga Afrilu, 1861, aka buɗe wuta a kan sansanin Fort Sumter a mashigin Charleston. Harbin alama daga Fort Johnson ya tashi, amma Ruffin, yana da shekara 67, aka ba shi girmar harba ɗaya daga cikin igogin farko daga tsibirin Morris. Jaridun Kudu suka ɗaukaka shi, ya sami yabon da ya daɗe yana ganin an hana shi.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Gonakin iyalinsa suna kan hanyar rundunonin Arewa masu neman Richmond. Sojoji suka washe gidajen, bayi da yawa kuma suka gudu zuwa sansanonin Arewa da zarar sun sami hanya, abin da ya rushe da'awarsa cewa sun gamsu da halin da suke ciki. A watan Mayu na 1864 aka kashe ɗansa Julian a faɗan Drewry's Bluff. Ranar 9 ga Afrilu, 1865, Janar Robert E. Lee ya miƙa wuya a Appomattox. A watan Yuni na wannan shekara, a gidan Redmoor da ke gundumar Amelia, Ruffin ya rubuta shafin ƙarshe na kundin da yake rubutawa tun 1856, ya jaddada ƙiyayyarsa ga mulkin 'yan Arewa, sa'an nan ya kashe kansa da bindiga. An binne shi a Marlbourne. Wata shida bayan haka, a Disamban 1865, gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya. A ƙidayar 1860 bayin da ke Bajiniya sun kai 490,865, adadin da ya fi na kowace jiha.

9.0 Kammalawa

An ga yadda Edmund Ruffin ya gāji matacciyar ƙasa, ya gano cewa tsami ne yake hana ta riƙe taki, ya kuma tabbatar da maganin ta hanyar gwaji da awo. An ga yadda ya shiga majalisar da tsarinta ya hana shi gabatar da doka, halinsa kuma ya hana shi neman goyon baya, ya fita da raini ga siyasar sassauci. An kuma ga cewa tun daga shekarun 1830 manufar gyaransa ita ce tsayar da tsarin gandu da bayi a Bajiniya, da ya ga gona kaɗai ba za ta tsayar da shi ba sai ya koma ga ɓallewa.

Kundinsa, wanda William K. Scarborough ya tace ya buga a juzu'i uku tsakanin 1972 da 1989, yana cikin muhimman madogarai ga masu nazarin yaƙin basasar Amurka, gonar Marlbourne kuma an sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Ga mai nazarin tarihin noma a ko'ina, rayuwarsa tana nuna cewa kyawun dabara kaɗai ba ya isa a gane makomarta. Sai an tambayi wanda yake da ƙasar, da wanda yake yin aikin, da dokar da ta ɗaure su biyun, da kuma wanda yake zaune a majalisar da ta yi dokar.